Nasiha Ga Matasa Game da Littattafan Gyaran Hali

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata, waɗanda Allah Ya hore wa karatun zamani har kuna iya buɗe littafin Turanci ku fahimci abin da ke cikinsa, ina so in ja hankalinku a kan wasu littattafai da suka yawaita a hannuwanku, wato waɗannan da ke magana a kan halayyar ɗan Adam, da yadda hankali ke aiki, da hanyar da mutum zai bi ya gyara kansa ya ci gaba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson motoci a Kano ko Kaduna ko Abuja ya ga yaran da ke ratsawa rungume da su, kowanne an naɗe shi cikin leda, bangonsa ja ko ruwan ɗorawa yana ɗaukar ido. Wanda kuwa bai saya a titi ba, to, an turo masa ta waya, har ka tarar ɗalibi ya tara su birjik, ya san sunayensu da sunayen mawallafansu, alhali bai kai ƙarshen ko ɗaya ba. Ba na cikin masu cewa ku guje su, domin akwai alheri a cikinsu, kuma hikima, kamar yadda malamai suka karantar da mu, abin neman mumini ce a duk inda take. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ku karɓi maganarsu kamar yadda magabatanmu suka koya mana karɓar labari, wato kada ku gaskata ruwaya saboda daɗin lafazinta, sai kun tambayi wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da kuma ko an sami wani amintacce da ya ƙarfafa ta.

Ku sani cewa wannan fanni ba jiya aka fara shi ba. Tun a 1859 wani likita ɗan Biritaniya, Samuel Smiles, ya wallafa littafinsa a kan taimakon kai, inda ya tara labaran talakawan da suka ɗaukaka ta hanyar naci da tsimi. A Amurka kuwa, Dale Carnegie ya fitar da nasa a kan samun abokai da shawo kan mutane a 1936, Napoleon Hill ya biyo baya a 1937 da nasa a kan yadda tunani ke kawo dukiya. Idan kuka lura da waɗannan shekaru biyu za ku ga sun faɗo ne cikin matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan karyewar kasuwa ta 1929, lokacin da miliyoyin mutane suka rasa aikin yi, magidanta suna bin layi domin karɓar abincin sadaka. Wannan ya nuna cewa kasuwar irin waɗannan littattafai takan ci ne a lokacin ƙunci, yayin da mutum ya rasa mafita a waje sai ya juyo yana nemanta a cikin kansa. Kuma duk wanda ya dubi halin da mai digiri ke ciki a ƙasarmu yau, ya gama bautar ƙasa ya dawo gida yana zaman jiran tsammani, ba zai yi mamakin yadda suka karɓu a wurinku ba. Mai buƙata kuwa shi ya fi kowa saurin gaskatawa, saboda haka shi ya fi kowa buƙatar ma'auni.

Galibin littattafan nan, idan aka warware su, abu uku ne aka cakuɗa: akwai binciken masana, akwai hikaya, akwai kuma alƙawari. Gwanintar mawallafi ita ce ya saƙa su har mai karatu ya kasa gane inda bincike ya ƙare da inda alƙawari ya fara. Bari in ba ku misali da maganar nan da ta zama ruwan dare, wadda ƙila kun ji daga bakin masu lacca a wuraren taro, cewa duk abin da mutum ya lizimta kwana 21 ya zama ɗabi'arsa. Idan aka bi isnadin wannan magana sai a tarar ta tuƙe ga wani likitan tiyatar gyaran fuska, Maxwell Maltz, wanda ya ambata a littafinsa na 1960 cewa marasa lafiyarsa sukan ɗauki aƙalla kimanin wannan adadi kafin su saba da sabuwar kamarsu. Abin da ya gani a asibitinsa ya faɗa, kuma ya ce aƙalla; masu ruwaya suka yar da wannan ƙaidi, suka mai da maganar hukunci a kan kowace ɗabi'a. Da Phillippa Lally da abokan aikinta suka jarraba al'amarin a Landan a kan mutum 96, suka bayyana sakamakon a 2009, sai aka ga matsakaicin lokacin ya kai kwana 66, wani ya saba cikin kwana 18, wani kuwa lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254. Suka kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. To, ku duba irin ɓarnar ruwaya mai rauni: yarinya ta ɗaura niyyar tashi da asuba ta yi bitar karatunta, ta yi makonni uku tana fama, ta ga har yanzu barci na rinjayarta, sai ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita raguwa ce, ta bari, alhali kuwa ba ta ko kai rabin hanya ba.

Haka kuma maganar sa'o'i 10,000 da Malcolm Gladwell ya shahara da ita a 2008, cewa wannan ne adadin da ke mai da mutum gwani. Asalinta binciken Anders Ericsson ne na 1993 a kan ɗaliban da ke koyon goge irin na Turawa a wata makaranta a birnin Berlin na Jamus, inda aka ga waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kimanin wannan adadi, a matsakaicin lissafi, kafin su cika shekara 20. Ericsson da kansa ya fito ya ce an sauya masa manufa, domin abin da ya ƙarfafa shi ne irin horon, wato wanda ake yi a kan wurin da mutum ke da rauni, ƙarƙashin malami mai gyara kuskure nan take. Wanda ya taɓa zama gaban alaramma yana ba da hadda ya san haka tun kafin a rubuta, domin yawan maimaita kuskure ba ya ƙara wa almajiri kome sai kafuwar kuskuren.

Akwai wata jarrabawa da kusan babu littafin da bai kawo ta ba, kuma ta cancanci mu tsaya a kanta. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, Walter Mischel ya riƙa shigar da yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar cikin wani ɗaki a makarantar renon yara ta jami'ar Stanford, ya ajiye alewa ɗaya a gaban yaro, ya ce masa zai fita ya dawo, in ya haƙura bai ci ba za a ba shi biyu. Yaro ya zauna shi kaɗai, wani ya rufe ido da tafin hannu, wani ya juya wa faranti baya yana 'yan waƙe-waƙe, wani kuwa ƙofa na rufewa ya jefa ta baki. Bayan shekaru aka bi sawunsu, aka ce waɗanda suka haƙura sun fi samun sakamako mai kyau a makaranta. Daga nan mawallafa suka ɗauka suna yaɗawa cewa makomar mutum tana ɓoye cikin haƙurinsa na ƙuruciya. Sai dai yaran nan akasarinsu 'ya'yan malamai da ɗaliban jami'ar ne. Da Tyler Watts da abokansa suka sake duba al'amarin a 2018 a kan yara fiye da 900 daga gidaje iri-iri, sai suka ga alaƙar ta ragu ƙwarai da zarar an yi la'akari da wadatar gida da ilmin iyaye. Wasu masana kuma a jami'ar Rochester suka yi wata dabara: kafin a kawo alewa, sai aka yi wa wasu yara alƙawarin kayan zane aka cika, wasu kuma aka saɓa musu, waɗanda aka cika wa suka jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa ba su wuce kimanin minti 3 ba. Ashe yaron da ya yi saurin cinyewa ba lalle ne ya kasance marar haƙuri ba, ƙila duniya ce ta riga ta koya masa cewa abin da ke hannu shi ne nasa. Darasin da ya fi amfani a nan ya koma kan manya, domin duk uba ko yaya ko malamin da ya saba yi wa yaro alƙawari yana saɓawa, shi ne da hannunsa yake tumɓuke haƙurin da yake umurtar yaron da shi.

Kada wannan ya sa ku raina ilmin halayyar ɗan Adam, domin masanansa ne da kansu suka bankaɗo waɗannan kurakurai. A 2015 wata ƙungiyar masu bincike ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga a manyan mujallu, sai kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Daniel Kahneman, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2002, kuma littafinsa na 2011 a kan tunanin gaggawa da tunanin tsanaki yana cikin mafi nagartar wannan fanni, ya fito a 2017 ya amsa cewa a wani babi ya dogara fiye da kima a kan gwaje-gwajen da aka yi da mutane kaɗan. Wannan ita ce alamar malami na ƙwarai, irin wanda fuƙaha'unmu suka girmama saboda ya koma daga fatawarsa da hujja ta bayyana masa. Saboda haka idan kuka ga mawallafi yana faɗin iyakar abin da aka tabbatar, yana kawo hujjar masu saɓa masa, to, ku ƙara sakin jiki da shi. Wanda kuwa yake da amsar kowace tambaya, yake alƙawarin dukiya da lafiya da farin jini da dacen aure duk cikin shafi ɗari biyu, ku ɗauke shi kamar mai maganin nan na tasha, wanda ƙulli ɗaya nasa ke warkar da basir da shawara da ciwon baya.

Tambaya ta biyu bayan isnadi ita ce, domin wa aka rubuta? A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu sun jawo hankalin duniya ga cewa kimanin kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan ilmi daga ƙasashen Turawa masu wadata suke, alhali waɗannan ƙasashe ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba, kuma da yawansu ɗaliban jami'a ne. Mawallafin da ke zaune a ƙasar da ake ba marar aiki alawus, ake kuma kai tsoho gidan kula da tsofaffi, idan ya ce ka yanke hulɗa da duk wanda ke ɗora maka nauyi, magana yake da mutumin da ba shi da ƙannen da yake biya wa kuɗin makaranta, ba shi da gwaggon da ke jiran buhun hatsinsa. Na ga samarin da suka ɗauki irin wannan shawara ɗungurungum, suka fara ƙirga ziyarar 'yan'uwa da zaman makoki cikin ɓata lokaci, suka manta cewa sada zumunci wajibi ne a kansu, kuma ranar da jiki ya ƙi, waɗannan dangin ne za su shimfiɗa tabarma a harabar asibiti su kwana. Ku ɗauki tsarin lokaci da tsimin kuɗi daga gare su, amma haƙƙin iyaye da na maƙwabta ba a wurinsu za ku koya ba.

Mafi haɗari duka su ne littattafan da ke cewa tunani kaɗai yana jawo abin da mutum ke so, kamar wanda Rhonda Byrne ta wallafa a 2006. Ta fuskar aƙida, wannan jingina wa zuciyar bawa ne abin da ba ta mallaka ba, kuma kun san hadisin mai raƙumi, wanda aka umurta ya fara ɗaurewa sa'an nan ya yi tawakkali. Babu inda aka ce ya zauna yana siffanta raƙumin a ransa. Ta fuskar bincike ma maganar ba ta tsaya ba, domin Gabriele Oettingen ta bi sawun ɗaliban da ke gab da kammala jami'a, ta ga waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin samun aiki su ne suka fi ƙarancin aika takardun nema, kuma bayan shekara biyu albashinsu ya gaza na sauran, kamar dai zuciya ta riga ta ɗanɗani daɗin nasara sai gaɓoɓi suka yi sanyi. Sa'an nan wannan ra'ayi yana ɗauke da zalunci a ɓoye, domin idan tunani ne ke kawo kome, to, manomin da fari ya cinye wa gona da matar da rikici ya raba da garinsu su suka jawo wa kansu ke nan. Ku kuma tuna, duk lokacin da aka jero muku labaran attajiran da suka bar makaranta suka yi kasada suka dace, cewa dubban da suka yi irin wannan kasada suka faɗi ba su rubuta littafi ba, kuma ba wanda ya je ya tambaye su.

Wanda ke son ya ga bambanci tsakanin alƙawari da shaida, ya nemi littafin Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa daga ƙasar Ostiriya, wanda aka tsare a sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi, ya rasa mahaifansa da matarsa da ɗan'uwansa a can, ya fito ya wallafa abin da ya gani a 1946. Bai yi wa kowa alƙawarin arziki ba. Iyakar abin da ya nuna shi ne, mutumin da ya san dalilin da yake rayuwa dominsa ya fi iya ɗaukar wahala, kuma ko an ƙwace masa kome, zaɓin yadda zai fuskanci jarrabawarsa yana nan a hannunsa.

Ina kuma so ku sani cewa wannan ilmi yana da tsohon tushe a gidanku. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi littafi a kan maslahar jiki da ta rai, inda ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen sababi, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na zahiri ba, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi a cikin littafinsa Ihya'u a kan horar da rai, inda ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya sauyawa, ya kuma bayyana cewa marowaci yakan zama mai kyauta ne ta hanyar tilasta wa kansa bayarwa, yau da gobe, har abin da ya faro da takalifi ya koma ɗabi'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu sun bi wannan tafarki a rubuce-rubucensu kan cututtukan zuciya, irin su ujubu da girman kai da hassada da riya, kuma har yau ana karanta Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji a zaurukanmu domin koyon ladubban neman ilmi. Dabarun sukan yi kama da na littattafan zamani, amma manufa ta bambanta. Mawallafin zamani zai koya maka sakin fuska da riƙe sunan mutum da sauraronsa, yawanci domin ka shawo kansa ya biya maka buƙata. Malaman nan kuwa za su tambaye ka niyyar da ke bayan murmushin. Ku haɗa biyun, ku ɗauki dabara daga inda aka jarraba ta, ku auna niyya da ma'aunin addininku.

Akwai iyakar da ya wajaba in faɗa ƙarara, ita ce littafi ba likita ba ne. Idan baƙin ciki ya daɗe makonni yana hana mutum barci da cin abinci da jin daɗin abin da ya saba so, ko ya fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ransa ya fara raya masa ya halaka kansa, ko ya faɗa shan ƙwaya ya kasa bari, to, ba babin ƙarfafa gwiwa yake buƙata ba. A haɗa addu'a da kai shi wurin masana, domin akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, kuma neman magani ba ya rage wa mutum imani ko mutunci.

Abin da ya rage shi ne aiki, wanda shi ne mafi wuya, domin karanta nasiha yana da wani daɗi mai ruɗi, mutum yakan rufe littafi yana jin kamar ya riga ya gyaru alhali bai motsa ba, sai ya miƙa hannu ga na gaba. Shawarata ita ce ku zaɓi littafi ɗaya, ku karanta shi da alƙalami a hannu, kuna yi wa bincike alama daban da hikaya, sa'an nan ku fitar da abu ɗaya tak da za ku aikata, ƙarami wanda ba zai gagare ku ba ko a ranar gajiya, ku sa masa lokaci da wuri, ku lizimce shi wata biyu ko uku kafin ku buɗe wani littafin, kuna yi wa kanku hisabi kowane dare. Kuma tun da ido ba ya ganin kansa, ku yi amfani da hanyoyi huɗun da Gazali ya ambata na sanin aibin kai: malami mai basira, da aboki mai gaskiya wanda ba ya yi maka daɗin baki, da abin da maƙiyinka ke faɗa a kanka, da kuma duba abin da ka ƙi a halin wasu ka bincika ko yana tare da kai. Waɗannan huɗu sun san ku ta yadda mawallafin da ke wata nahiya ba zai taɓa sani ba, kuma a bakinsu, ba a yawan littattafan da kuka tara ba, za ku ji ko karatun ya yi amfani. Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya raba ku da wanda ba ya amfani, Ya kuma yi wa ƙuruciyarku albarka.